Maƙalar Mako: Zaynab Alkali, Tsakanin Alƙalamin Labari Da Kundin Digiri Na Uku

  A wannan karon ni aka ɗora wa nauyin, ina kuma godiya ga shugabannin zaure da suka ba ni dama.

Ga abin da ya jawo wannan rubutu. Kwanakin baya, bayan mun tashi daga zaman karatu na ƙungiyarmu a nan Kaduna, muna tsaye bakin titi muna jiran Keke, sai wata ƙanwarmu ta ce min ta ajiye littafin da take rubutawa. Ta kai babi na tara. Na tambaye ta dalili, ta ce wani ne ya duba mata, ya ce ta bari tukuna sai ta shiga jami'a ta karanci adabi, domin rubutu ba aikin 'yan sakandare ba ne. Maganar ta taɓa ni, saboda ni ma difloma gare ni, kuma an taɓa jefa min irinta a wani taro, har na yi wata uku ban ɗauki biro ba.

Maimakon mu yi ta musu da baki, sai na ga ya fi kyau mu duba rayuwar wadda ta bi hanyar karatun adabin Ingilishi har ƙarshenta, ta yi digiri na uku, ta zama farfesa, kuma ta rubuta littafin da duniya ta sani. Mu ga me karatun ya ba ta, me ya karɓe mata, kuma wanne ya riga zuwa, littafin ko digirin. Wannan mata ita ce Farfesa Zaynab Alkali.

Daga ƙasar Biu zuwa Ilorin

An haifi Zaynab Alkali a shekarar 1950, asalin danginta kuma ƙasar Biu ce ta Jihar Borno ta yanzu. Ba Bahaushiya ba ce ta haihuwa, kuma yana da kyau mu riƙe wannan, domin zai taimaka mana mu gane zaɓin harshen da ta yi daga baya. Ta taso a yankin da harsuna suke da yawa, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suna zaune kusa da juna, wani lokaci ma a gida ɗaya. Duk wanda ya karanta littafinta na farko zai ga irin wannan ƙauye a ciki.

A shekarun da ta isa shiga sakandare, duk Arewa jiha ɗaya ce, hedikwatarta kuma nan Kaduna. Makarantun sakandaren 'yan mata na gwamnati kaɗan ne ƙwarai, don haka yarinyar da ta ci jarrabawa sai a ɗauke ta daga wannan kusurwa ta Arewa a kai ta waccan. Zaynab ta sami shiga makarantar Queen Elizabeth da ke Ilorin. Ku duba taswira ku ga nisan Biu da Ilorin, sannan ku tuna yadda hanyoyi suke a shekarun 1960. Yarinya ce za ta bar iyayenta ta yi kwanaki a hanya, ta sauka cikin mutanen da ba ta jin harshensu, inda Ingilishi ne kawai zai haɗa ta da sauran ɗalibai da malamai.

Wannan tafiya ba ta tafi a banza ba. Littafinta na biyu, The Virtuous Woman, wanda ya fito a 1987, kusan gaba ɗayansa labarin irin wannan tafiya ce: 'yan mata uku, Nana Ai da Laila da Hajjo, sun bar ƙauyensu za su wata babbar makarantar 'yan mata mai nisa, kuma abin da ya same su a hanya shi ne labarin. Ke nan kayan aikin littafin tun tana 'yar makaranta ta tara su, shekaru da yawa kafin wani ya kira ta dakta.

Kano: kwalejin da ta zama jami'a

Daga Ilorin sai karatun gaba da sakandare. Za ku ga wasu sun rubuta cewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi digirin farko, wasu kuma su ce a Jami'ar Bayero. Tarihin makarantun biyu shi ke warware wannan. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, kuma kwalejin da ke Kano, wadda aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero, reshe ce a ƙarƙashinta. Sai a 1975 aka ɗaga darajar kwalejin, a 1977 kuma ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Zaynab ta kammala digirin farko a fannin Ingilishi a 1973, wato lokacin da Kano ke ƙarƙashin Zariya. Digirinta na biyu, a fannin adabin Afirka da aka rubuta da Ingilishi, ta same shi a 1979, lokacin Bayero ta riga ta tsaya da ƙafarta.

A shekarun nan na Kano ta riƙe shugabancin makarantar kwana ta 'yan mata ta Shekara, ta kuma koyar a Jami'ar Bayero. Ga aure, ga 'ya'ya. Maigidanta shi ne marigayi Farfesa Muhammad Nur Alkali, masanin tarihi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Maiduguri.

Sunan Shekara ya kamata ya tuna mana da wata. A wannan makaranta, tun tana makarantar 'yan mata ta lardi, Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta yi karatu, shekaru kafin Zaynab ta zo shugabanci. Hajiya Hafsat ba ta bi hanyar jami'a ba, aure ta yi da ƙuruciya. Amma ita ce ta rubuta So Aljannar Duniya, ɗaya daga cikin littattafan da suka yi nasara a gasar kamfanin NNPC na Zariya (kamfanin buga littattafai nake nufi, ba na man fetur ba), aka buga shi a 1980.

A nan akwai gyaran da ya kamata mu marubutan Hausa mu riƙa yi cikin ladabi. Sau da yawa ana gabatar da Zaynab Alkali a matsayin mace ta farko da ta rubuta ƙagaggen labari a Arewacin Najeriya. Daidai maganar ita ce, ita ce ta farko da ta yi suna da ƙagaggen labari cikin Ingilishi. Littafin Hajiya Hafsat na Hausa ya riga nata fitowa da shekara 4. In kuwa rubutun mata gaba ɗaya ake magana, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa tun kafin Turawa su iso. Faɗin haka bai rage wa Farfesa Zaynab komai ba. Makaranta ɗaya ce ta haɗa tarihin matan nan biyu, ɗaya ta bi ta jami'a, ɗaya ba ta bi ba, dukansu kuma suka zama na farko a fagensu.

1984: littafin da ya riga digirin

Bayan Kano, iyalin sun koma Borno, ta ci gaba da koyarwa a sashen Ingilishi na Jami'ar Maiduguri, inda ta yi kimanin shekara 20. Tana can ne kamfanin Longman ya buga The Stillborn a 1984. Ma'anar sunan ita ce jaririn da aka haifa babu rai. A lokacin shekarunta 34, kuma ba ta da digiri na uku.

Ga waɗanda ba su karanta ba, labarin wata yarinya ce mai suna Li, 'yar shekara 13, wadda ta dawo gida daga makaranta ta tarar gidan mahaifinta ya yi mata ƙunci saboda tsananinsa. Ita da yayarta Awa da ƙawarta Faku kowacce da burinta, kuma kowacce ta rataya burin nan a wuyan namiji. Li ta ƙallafa rai a kan Habu Adams, suna mafarkin shi zai zama likita, ita babbar malamar makaranta, su zauna a birni. Faku ta auri Garba, ta bi shi birni, ta tarar da uwargida da 'ya'ya da zaman kaɗaici. Awa ta auri Ɗan Fiama, shugaban makarantar ƙauyen, wanda daga baya giya ta lalata shi, ɗawainiyar gida ta dawo kanta. Ita kuwa Li, Habu ya tafi birni ya bar ta shekaru tana jira, da ta same shi kuma ta tarar ba mutumin da ta sani ba ne, likitancin ma bai yiwu ba. Sai ta dawo, ta koma makarantar horon malamai, ta tsaya da ƙafarta, har ta zama ita ce ginshiƙin gidan mahaifinta. Jariran da aka haifa babu rai su ne waɗannan burace-burace.

Ƙarshen littafin shi ya fi jawo magana. Bayan Li ta sami ilimi da abin hannu, ta yanke shawarar komawa wurin Habu, wanda haɗari ya nakasa. Manazarta sun rabu biyu. Wasu suka ce marubuciyar ta rushe ginin da ta yi, ta mayar da tauraruwarta inda ta fito. Wasu suka ce a'a, Li ta farko bin miji ta yi don ba ta da zaɓi, Li ta ƙarshe kuwa da ƙarfinta ta koma, ita ce ma za ta tallafe shi. Har yau ɗalibai na rubuta kundaye a kan wannan saɓani. Darasi a nan gare mu shi ne, ƙarshen labarin da ya bar mai karatu da abin tattaunawa ya fi daɗewa a zuciya fiye da wanda aka ƙulle da biki da tafiya Dubai.

A 1985 littafin ya ci kyautar ƙagaggen labari ta Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. Don mu gane girman abin, mu tuna cewa Flora Nwapa ta fitar da Efuru tun 1966. Shekara 18 ke nan masu karatun Ingilishi suna jin muryar macen Kudu, ita kuwa macen Arewa sai dai wasu su ba da labarinta. Da littafin Zaynab ya fito, sai ga 'yar Arewa tana ba da labarin gidansu da bakinta. An fassara shi zuwa wasu harsunan Turai, ciki har da Jamusanci, ya kuma shiga jerin littattafan da ake nazari a jami'o'i.

Shin karatun da ta yi ya taimaka? Babu shakka. Wanda ya karanta littafin da idon marubuci zai ga hannun wadda ta san aikin: littafi ne ɗan siriri, babu surutun banza, mafarkan da Li ke yi an dasa su ne tun farko don su yi aiki a gaba, kuma labaran mata uku an jera su ne don kowanne ya haska ɗaya. Wannan tarbiyya ce ta wadda ta shekara goma tana karanta littattafan wasu tana warware su a gaban ɗalibai. Amma ƙauyen, da kakan nan Kaka, da kakar nan mai baki, da hirar bakin rafi, daga gida ta zo da su.

Shekarun digiri na uku

Digirin farko a 1973, na biyu a 1979, littafi na farko a 1984, na biyu a 1987. Digiri na uku kuwa sai a 1995, a Jami'ar Bayero, tana da shekara 45. Wato shekara 11 bayan The Stillborn, shekara 22 bayan digirin farko. Kafin a kira ta dakta, ɗalibai sun riga sun fara nazarin littafinta don neman nasu digirin.

To me ya kai marubuciyar da ta riga ta yi suna komawa ɗaliba? Tsarin jami'a ne. Malamin jami'a ba ya hawa manyan matakai sai da digiri na uku da maƙalun bincike, kuma ƙagaggen labari, komai kyansa, ba ya maye gurbinsu. Ga kuma son zurfafa ilimi a fagen da mutum yake koyarwa.

Yana da kyau 'yan uwa su san abin da wannan digiri ya ƙunsa, domin wasu na zaton wurin koyon rubuta labari ne. Ɗalibi zai zaɓi matsala guda a adabi, ya rubuta shawarar bincike, ya kare ta a gaban malaman sashe. Za a ba shi malami mai duba aikinsa. Zai karanta duk abin da magabata suka rubuta a kan batun, ya nuna giɓin da suka bari, ya ɗauki ra'in nazari ya ɗora littattafan da ya zaɓa a kai. Kowane babi sai ya je wurin mai dubawa ya dawo da jan biro, wani lokaci sau uku ko huɗu. A ƙarshe a gayyato masani daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi baki da baki. In ya tsallake, a ɗaure kundin a ajiye a ɗakin karatu. Duk jimlar da ya rubuta sai ya kawo mata hujja. Mai labari kuwa aikinsa ya sa ka yarda da abin da bai faru ba, ka yi kuka a kansa. Aiki biyu ne masu buƙatar hali biyu, ko da yake mutum ɗaya na iya yinsu.

Sannan a duba zamanin da ta yi nata. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Darajar Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, littattafai da mujallun bincike daga waje suka yi wuyar samu a ɗakunan karatun jami'o'i. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki a 1988 da 1992, kuma a duka biyun gwamnatin soja ta haramta ta. Malamai da yawa suka bar ƙasar. Babu intanet, babu wayar hannu. Tsakanin Maiduguri inda take koyarwa da Kano inda jami'ar take akwai tafiyar kusan kilomita 600. A haka mace mai iyali, mai ɗalibai, ta kammala kundinta.

Yanzu ku dubi jerin littattafanta ku ga wani abu. Daga 1987 ba ta sake fitar da littafi nata na kanta ba sai 1997, lokacin da tarin gajerun labaranta, Cobwebs and Other Stories, ya fito. A tsakani akwai Vultures in the Air na 1995, tarin rubuce-rubucen marubutan Arewa wanda ta tace tare da Al Imfeld, mutumin Suwizalan. Dogon labari kuwa sai 2005 da The Descendants ya fito, shekara 18 bayan The Virtuous Woman. Ba zan ce digirin ne kaɗai ya jawo wannan shiru ba, domin ga koyarwa, ga iyali, ga kamfanonin buga littattafai da suka ja baya a zamanin SAP. Amma a nawa karatun, shekarun kundin suna tsakiyar shekarun shirun, kuma yini ɗaya ba ya wuce awa 24 ko ga farfesa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai shirin shiga wannan hanya ya shiga da saninsa cewa za ta ci wani abu daga lokacin alƙalaminsa.

Bayan an zama dakta

Daga Maiduguri ta yi aiki na 'yan shekaru a hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa da ke Abuja, sannan ta koma koyarwa, ta sauka a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, inda ta yi farfesa har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jami'a. Alƙalamin ma ya dawo: The Descendants a 2005, The Initiates a 2007, Invisible Borders a 2016. A The Descendants za ku ga wata tsohuwa, Magira Milli, wadda ba ta yi boko ba amma ta dage sai jikokinta sun yi, har Seytu ta zama likita bayan wahalar auren ƙuruciya. Jigon nan na ilimin 'ya mace shi ne zaren da ya ratsa ayyukanta tun daga Li.

Mu 'yan Kaduna muna da rabo a wannan tarihi. A watan Yulin 2017 aka yi bikin littattafai da fasaha na Kaduna karo na farko, wanda ake kira KABAFEST, a Cibiyar Gusau, ƙarƙashin jagorancin Lola Shoneyin da haɗin gwiwar gwamnatin jiha. A wannan biki aka karrama Farfesa Zaynab Alkali da lambar yabo ta hidimar rayuwa ga adabi. Lokacin ina sakandare, ban ma san ana yi ba. Abin lura shi ne, waɗanda suka taru a wurin saboda Li suka san ta. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗa maka abin da kundin digirinta ya ƙunsa.

Ɗaya hanyar, da inda suka haɗu

A daidai shekarun da Zaynab ke tsakanin aji da kundi, wani abu na faruwa a ɓangarenmu na Hausa. Matsin da ya sa manyan kamfanoni suka rage buga littattafai shi ya sa matasa suka fara buga nasu da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma karatun manya daga baya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, shekarar da The Virtuous Woman ya fito, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna. Matsalolin da Hajiya Balaraba ta taɓo, auren dole da wulaƙancin miji da hana 'ya mace karatu, su ne dai waɗanda Zaynab ta taɓo. Ɗaya ta rubuta da Ingilishi, jami'o'in duniya suka karanta. Ɗaya ta rubuta da Hausa, matan cikin gida suka karanta, su da abin ya shafa.

Masana ba su karɓi wannan adabi hannu biyu ba da farko. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, ya soki ingancinsa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare shi. Babban fagen wannan muhawara a ƙarshen shekarun 1990 shi ne shafin adabi da Ibrahim Sheme ke kula da shi a jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, a nan cikin garin Kaduna. Muhawarar ta yi zafi, amma ita ce ta jawo hankalin manazarta na gida da waje zuwa ga littattafan da a da ake rainawa.

Sai a 2012 hanyoyin biyu suka haɗu a wuri ɗaya. Wani kamfani a ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne cikin Ingilishi. Wanda ya yi fassarar shi ne Aliyu Kamal, malami a sashen Ingilishi na Jami'ar Bayero, wanda shi ma marubucin ƙagaggun labarai ne. Wadda ba ta gama firamare a ƙuruciya ba ta rubuta, malamin jami'a ya fassara, mutumin Indiya da na Amurka suka karanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In muka faɗaɗa dubawa, za mu ga kowane iri. Akwai waɗanda suka haɗa digiri na uku a Ingilishi da rubutu, irin su E. E. Sule, wanda littafinsa Sterile Sky, da aka gina a kan rayuwar Kano, ya ci kyautar Commonwealth ta yankin Afirka a 2013, da Audee T. Giwa na Jami'ar Jihar Kaduna, mai Marks on the Run. Akwai kuma waɗanda suka zo daga wasu fannoni: marigayi Abubakar Gimba tattalin arziki ya karanta, Elnathan John ɗan Kaduna lauya ne, Abubakar Adam Ibrahim ɗan jarida ne, kuma shi ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016. Achebe da kansa digirin farko kawai ya yi a Ibadan. Alhaji Abubakar Imam kuwa daga Kwalejin Katsina ya fito ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, daga baya jami'a ta kira shi ta ba shi digirin girmamawa.

Abin da na tsinta

Ga ƙanwarmu mai babi tara, da duk mai irin halinta: ki koma kan littafinki. Tarihin Farfesa Zaynab ya nuna littafin ne ya riga digiri na uku da shekara 11, kuma kayan da ta gina shi da su tun daga ƙauye da hanyar makaranta ta ɗebo su. Wanda ya ce ki jira sai kin shiga jami'a bai duba tarihi ba.

Amma kada mu masu difloma da 'yan sakandare mu ɗauki wannan a matsayin lasisin raina karatu. Abin da jami'a ta ba Zaynab, wanda ya bayyana a kowane shafi na littafinta, shi ne yawan karatu da haƙurin karɓar gyara. A nan ne da yawanmu muke da rauni. Muna rubuta shafi 50 a waya cikin dare ɗaya mu saki, ba mu sake dubawa ba, wanda ya yi mana gyara kuma ya zama maƙiyi. Ɗalibin digiri na uku ana dawo masa da babi ɗaya sau huɗu, ya gyara, ya ce na gode. Wannan hali ba sai da takardar shiga jami'a ake koyonsa ba. A garin nan muna da Gidan Arewa a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, muna da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, muna da ɗakunan karatu. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa shiga ɗaya daga cikinsu saboda littafin da muke rubutawa?

Wanda kuma Allah Ya ba shi dama da sha'awar bin hanyar jami'a har ƙarshe, ya bi, muna buƙatarsa. Muna buƙatar masu nazarin ayyukanmu da adalci, da masu fassara namu zuwa waje kamar yadda Aliyu Kamal ya yi, da masu neman izini su fassaro mana irin su The Stillborn zuwa Hausa, domin iyayenmu mata da ba sa jin Ingilishi su ma su san Li. Sai dai ya shiga da shiri, ya ware wa alƙalamin labari lokacinsa ko da awa ɗaya ce bayan sallar Asuba, kada kundi ya haɗiye shi.

Shawarata ga shugabannin zaure ita ce mu sa The Stillborn da So Aljannar Duniya a karatun wata mai zuwa, mu karanta su tare, mu kwatanta yadda kowacce ta gina tauraruwarta da yadda ta rufe labarinta. Ni ina da kwafi ɗaya na kowanne, zan iya kawowa zama na gaba.

Tambayar da zan bar mana ita ce: da ku ne kuka rubuta labarin Li, za ku mayar da ita gidan Habu ko kuwa? A kawo dalili, ba ra'ayi kawai ba. Inda na yi kuskure kuma, manyanmu su gyara min, ɗalibi nake.

Allah Ya ƙara wa Farfesa Zaynab Alkali da Hajiya Hafsat da Hajiya Balaraba lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.